Taki Ɗaya Daga Ƙasa

Yamai, 9 ga Fabrairu, 1971

Zuwa ga Yayana Abdulaye,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Jummai da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Yelwa direba ya ce ya gan ka a kasuwar Dogon Dutsi kana dogara sanda kana yi wa mai gishiri faɗa. Na ce alhamdu lillahi, in dai bakin yana aiki, sauran jiki mai sauƙi ne. Mu nan lafiya lau, sai gajiya. Matata Hawa tana gaishe ku.

Yaya, maganar gandu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san gandun dogon yaro da nake tsaro a Harobanda, hayin gulbi, wanda muka dasa shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai. Shekara goma ke nan. Da tulu muka riƙa ɗauko ruwa daga gulbi muna ba kowane dashe, lokacin babu kowa a hayin nan sai masunta da jakuna. To yanzu an gama sabuwar gada, mutum yana tasowa daga cikin gari ya zo har ƙofata ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Duk wanda ya hayo kuwa ba itace yake gani ba, filin gini yake gani.

Makon jiya shef, wato shugaban da ke kula da filaye da daji, ya kira ni buro, ofishinsa. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce manya sun rabu biyu: wasu na so a tuge gandun a yanka filayen gidaje, wasu na cewa garin da ke girma haka yana bukatar itacen girki da na rufi kusa da shi. Shi ya tsaya mini, ya ce musu dogon yaro in an sare shi daidai ba ya mutuwa, toho yake yi daga kututture, bayan 'yan shekaru a sake sara, haka har jikoki. Suka ce a nuna musu. Abin da aka yanke shi ne, bana mu sare gefen gabas, itace ɗari uku da arba'in, kafin ƙarshen watan gobe. In damina ta wuce zai zo ya ƙirga. In biyu cikin kowane uku sun yi toho mai ƙarfi, gandu ya tsira, za mu riƙa saran gefe ɗaya kowace shekara. In ba su kai ba, katafila za ta shigo. Ka ji inda nake.

Mu huɗu ne da gatari huɗu. Mako guda muka yi muna sara, muna datsawa, muna kwashewa, arba'in kawai muka kayar. A haka sai mu kai bazara ba mu gama ba. Shi ya sa shef ya samo mana taimako wajen wasu nasara masu aikin itatuwa. Sun ba da takarda, mu je kanti mu zaɓi zarto mai inji guda ɗaya, kyauta.

Ban san ko ka taɓa ganin irinsa ba. Inji ne mai shan isansi, wato fetur, da harshe na ƙarfe, sarƙa mai haƙora tana zagaye da shi. Igiya ake ja ya tashi. Jiya na leƙa kantin na ga iri biyu. Akwai babba, harshensa ya kai tsawon hannu tun daga kafaɗa, nauyinsa kamar tulu cike da ruwa. Akwai ƙarami, harshensa kamu ɗaya, bai fi ɗan akuya nauyi ba. Daga nan na biya Zongo wajen Moussa makaniki, wanda ya gyara irinsu lokacin da yake Abijan. Ya ce babban na itatuwan kurmi ne, irin waɗanda mutum uku ba sa rungumewa. Namu kuwa kaurin cinya ne, ga su a matse da juna, kuma saran toho a durƙushe ake yin sa, saboda haka ko da wasa kada in kalli babban. Ni ma hankalina ya fi kwanciya da ƙaramin. Ranar Asabar za mu je mu ɗauko.

Na san amsarka ba za ta iso kafin Asabar ba, amma ka rubuto mini duk da haka. Tun rasuwar Baba ba ni da wanda nake kai wa maganar itace sai kai. Ɗan sanyi ya shiga kafaɗata ta dama, ba wani abu ba ne, kada ka gaya wa Jummai ta tara mini dangi.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanenka,
Halidu

Yamai, 21 ga Maris, 1971

Yayana,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fata kuna lafiya, kuma zafi bai fara matsa muku ba kamar yadda ya fara a nan. Takardarka ta iso ta hannun Yelwa tare da ƙullin kuka da daddawa. Hawa ta ce a yi wa Jummai godiya.

Na ji abin da ka ce. Malamin lakkol, na makarantar boko, da ke rubuta maka har layi ya ja a ƙarƙashinsa, wai in ɗauki ƙarami, in kuma tuna a yi sara taki ɗaya daga ƙasa yadda Baba ya koya mana. To Yaya, takardar ta zo bayan an watse biki. Babban muka ɗauka. Kada ka fara girgiza kai, ina ganin ka daga nan. Ba ni kaɗai na je kantin ba, mu huɗu ne, kuma ka san halin mutane: abin kyauta, wa zai ga babba ya ɗauki ƙarami? Su suka fi son sa. Musamman Idrisa, mai bi mini a aiki, Bazabarme ɗan Yantala, dogo ƙaƙƙarfa mai son sabon abu. Ni kuwa ba na son jayayya a gaban baƙo, sai na bari.

Da ka ga ranar da muka hayo gada da shi! Idrisa ya saɓa shi a kafaɗa, mutane na tsayawa suna tambaya ko bindiga ce. Ranar da aka fara aiki har matan Yantala suka shigo kwalekwale suka hayo kallo. Da injin ya tashi, tsofaffi biyu suka ruga har suka zubar da takalma. Masunta suka aiko wai ƙararsa ta kore musu kifi. Amma fa abin akwai aiki, gaskiya ɗaya ce. Itacen da muke jiƙewa da gumi kafin mu kayar, wannan kafin ka gama gyara hula ya kwanta. Ɗari ukun da suka rage, kwana tara muka yi muka gama da su.

Idrisa ne ke riƙe da shi. Na bar masa don in ba shi girma, shekara bakwai yana bayana bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abu ɗaya dai, saran ya ɗan yi sama. Injin da nauyi, harshen dogo, itatuwan a matse, in ya sunkuya ƙasa babu wurin juyawa, bayansa kuma yana ɗaukar zafi. Sai ya riƙa yanka a tsaye, wajen cinya. Amma yankan sumul yake, babu tsaga babu ɓarna, har mata masu ɗiban ƙirare suna zama a kai su huta. Shef ya zo ya yaba da saurinmu. Kuma dogon yaro ai ba ya mutuwa da sauƙi, kai ma ka sani. Ba ka ga injin nan ba, Yaya, zamaninsa daban ne da na gatarin Baba, kada ka auna su da mudu ɗaya.

Abin mamaki, ni da ban riƙe komai ba a kwanakin nan tara, na fi kowa gajiya. In na dawo gida sai in zauna a ƙofa in kasa cire takalmi. Hawa ta sa mini tuwo, in ci loma uku in ture. Ta ce tsufa ne, na ce mata tsufan ai tare muka shigo shi.

Ina da wani aboki a nan da hannunsa na dama ke ba shi wahala. Ba ya iya ɗaga shi ya wuce ƙirji, in ya ja abu da ƙarfi sai ya ji kamar an soka masa allura a kafaɗa, yatsun kuma su mutu. Ya je wajen likita an ba shi ƙwaya, ba ta yi ba. In tsohon nan mai ɗori na Matankari yana raye, ka karɓo masa man shafawar nan ka ba Yelwa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Halidu

Yamai, 16 ga Mayu, 1971

Yaya Abdulaye,

Ina gaishe ka, ina gaida Jummai da yara, tare da fatan an gama sharar gona lafiya. Maganin ya iso. Na ga kuma inda ka ce in gaishe da abokin nawa, wai ka san shi tun yana bin ka gona ba wando. Na ji. Allah ya shirye ka, Yaya, ka tsufa ba ka daina ba. Abokin ya shafa, ya ce ya gode, sauƙi sai a hankali.

Gandu ya yi toho. Wallahi da ka gani sai ka ce ba rani ake ba. Kowane kututture ya yi gashi kore shar a kansa, wani reshe goma, wani ashirin, tsawonsu ya kusa kamu biyu. Mutane in sun wuce sai su tsaya su yi mini barka. Shef ya zo da wani babba daga buro, suka zaga, ya dafa ni ya ce magana ta ƙare, ƙirgar kaka cika ƙa'ida ce kawai. Hawa ta dama fura ta raba wa maƙwabta sadaka. Idrisa kuwa bakinsa ba ya rufuwa, kullum sai ya goge zarton nan da tsumma ko da ba a taɓa shi ba.

Ni ne dai ban yi murna ba, kuma kai kaɗai zan gaya wa dalili. Shekaranjiya da hantsi na shiga gandun ni kaɗai. Na fara da arba'in ɗin nan da muka sare da gatari kafin zuwan inji, waɗanda ke taki ɗaya daga ƙasa. Tohonsu bai kai na sauran yawa ba, bai kai su tsawo ba, ba wanda ke tsayawa ya kalle su. Amma daga gindi ya fito, wani ma daga cikin ƙasa. Na kama ɗaya da hannun hagu na ja iyakar ƙarfina, ko gezau. Sai na matsa wajen na inji, na kama reshe mai kyau, mai kauri, da yatsa biyu. Ban ma ja ba, Yaya, karkata shi kawai na yi, ya ɓalle kamar an fige gashin kaza. A ɓawo kawai yake maƙale, bai kama jikin itacen ba. Na gwada na biyu, na uku, duk haka.

Ka san abin da na yi? Na cusa su cikin aljihu, na waiwaya hagu da dama kamar ɓarawon akuya, na je na jefa su a gulbi. Ni, Halidu, da furfurata.

Ina tambayar ka, ko ka taɓa ganin tohon da ya fito a sama haka ya kama jiki kafin iskar farkon damina ta zo? Ko sau ɗaya ne, ko a wani gari ne, ko labari ka ji. In ka taɓa ji ka rubuto mini. In ba ka taɓa ba, ka bar maganar, ka ba ni labarin gona.

Gabas ta fara haɗa hadari da la'asar. Duk Yamai ana roƙon ruwa, a masallaci liman na addu'a muna cewa amin. Ina jin duk garin nan ni kaɗai ne wanda gabansa ke faɗuwa in ya ga sama ta yi baƙi. Allah ya yafe mini.

Naka,
Halidu

Yamai, 12 ga Yuni, 1971

Yayana,

Bayan gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, kuma kun sami ruwan shuka. Na ga takardarka, labarin gona ne daga farko har ƙarshe, na kuma gane. Wannan tawa ka ce wa malamin lakkol ya karanta maka ku biyu kawai, a zaure, ba a tsakar gida ba.

Ranar Talata bayan la'asar iskar ta zo. Ba ta daɗe ba, ko tuwo ba za a tuƙa a gama ba. Ta kwashe rufin maƙwabcina, ta kayar da dangarmu, sannan ruwa ya biyo. Da aka ɗauke na tafi gandu cikin taɓo. Yaya, ƙasa ce ta zama kore. Kututtura ɗari uku suna tsaye tsirara, tohonsu duk yana kwance a gindinsu, inda ya ɓalle kuma ɓawon ya yage har ƙasa. Ɗaya-ɗaya ne suka rage da reshe biyu ko uku. Arba'in ɗin gatari kuwa suna nan, ruwa ya wanke su, ko ganye ba su zubar ba. Idrisa ya hayo daga Yantala ya same ni a can. Ya tsuguna ya dafa kai, yana ta cewa laifinsa ne, shi ya yanka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarya na yi maka a takardar watan Maris, yau zan gyara ta.

Ba su suka zaɓi babban ba. Da muka shiga kantin, ƙaramin na nufa kai tsaye. Na ɗaga shi da hannun dama, hannun nan da ya fi shekara yana ƙi na, ya ɗagu. Na durƙusa da shi a kan siminti na kwatanta sara, ya zauna mini daidai kamar don ni aka ƙera shi. Sai mai kanti ya yi murmushi ya ce wannan shi tsofaffin masu lambun nasara suke saye suna gyaran furanni. Ban kula shi ba, bakin ɗan kasuwa ne. Amma sai Idrisa ya matso, a gaban sauran biyun, a gaban mai kanti da yaransa, ya ce Baba Halidu ya ɗauki wannan, shi ne daidai ƙarfinsa, ba zai wahalar masa da hannu ba. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe mini riga a tsakiyar kasuwa. Na ajiye ƙaramin, na nuna babban, na ce mu ba masu gyaran furanni ba ne. Idrisa ya buɗe baki zai yi magana, na kalle shi, ya rufe.

Ranar farko a gandu na riga kowa zuwa don in gwada. Igiyar tayarwar ma ta gagare ni. Sau uku na ja, a na uku na ga wuta a idona, na zauna a ƙasa. Da suka iso na miƙa wa Idrisa na ce girma ne na ba shi. Wannan ita ce ƙarya ta biyu.

Sauran kuma ka fi kowa sanin sa. Ka tuna yadda Baba yake yi in ɗayanmu ya ɓata sara? Ba ya cewa uffan. Zai zo ya miƙa hannu, ka ba shi gatari, ya yi sara uku ko huɗu a gabanka, ya mayar maka ya wuce. Yakan ce mai sara ba a gyara masa da baki, wanda ba zai iya karɓar gatari ya nuna ba, ba shi da ta cewa. Haka ka koya mini, haka na koya wa mutanena. Shekara bakwai ban taɓa ce wa Idrisa ka yi kaza ba, karɓa nake yi in nuna.

To da na ga ya yanka na farko a wajen cinya, ƙafata da kanta ta taka zuwa wurinsa. Taku uku na yi, na tuna ba zan iya ɗaga abin ba, balle in durƙusa da shi. Na tsaya. In faɗa da baki, sai a tambaya me ya hana ni nunawa. Na ce bari ya yanka na biyu, wataƙila ya sauko da kansa. Bai sauko ba. Kwana tara na yi a tsaye, hannu a baya kamar kumandan, ina kallon ana kashe abin da na ba ruwa da tulu, ina gyaɗa kai. Ka ga gajiyar da nake gaya maka.

Ban san me zan ce maka ba kuma. Ka yi mini faɗa in kana so, na fi son faɗanka da shirunka. Damina yanzu ta fara, in aka sake sare kututturan daga ƙasa wataƙila su yi sabon toho kafin kaka. Amma kafin nan sai na tara mutanen nan na gaya musu, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Ƙanenka,
Halidu

Yamai, 24 ga Oktoba, 1971

Zuwa ga Yayana Abdulaye,

Gaisuwa mai yawa, da ban haƙuri kan shirun wata huɗu. Takardunka biyu sun iso, na karanta, ban sami bakin amsawa ba. Ina fata an yi girbi lafiya, gero ya yi kyau, ƙafarka kuma ta bar ka ka leƙa gona. Hawa tana gaida Jummai.

Na tara su, Yaya. Washegarin ranar da na rubuta maka, da safe, a bakin gandu. Na rasa ta inda zan fara, sai na cire riga na nuna musu kafaɗar, yadda ta shanye ta zama rabin 'yar'uwarta. Na ce hannuna ya mutu, ni na zaɓi zarton da bai dace ba, na ga ana ɓata sara na yi shiru. Na jira in ga mamaki a fuskarsu. Babu. Sunkuyar da kai kawai suka yi.

Ashe sun sani tun bara. Idrisa ya ce su ukun sun daɗe da haɗa baki, suna bar mini siraran itatuwa, suna ɗauke gungume mai nauyi kafin in kai gare shi, shi kuma yana wasa mini gatari in na tafi alwala. Abin da ya sa ya yi maganar nan a kanti ke nan. Sannan ya faɗi wadda ta fi ci mini rai. Ya ce shi ma tun itace na farko ya ga saran ya yi sama, ya waiwayo yana jiran in ce wani abu. Da ya ga ina gyaɗa kai, sai ya ɗauka aikin inji haka yake, maigida ya fi shi sani. Kwana tara yana waiwayowa. Kalma ɗaya yake jira, da baki ma ta ishe shi.

Daga ranar na ɗauki gawayi, na bi kututtura a durƙushe ina ja musu layi, taki ɗaya daga ƙasa, su kuma suna sara. Wannan aikin hannun hagu yana iya shi. Idrisa ya kwanta rub da ciki ya gwada da babban zarton, kwana biyu sarƙar ta ci yashi ta dakushe, ta tsinke. Moussa makaniki ya ɗaure ta, ta sake tsinkewa, ya ce sabuwa sai an yi odar ta daga ƙasar nasara. Ya raka ni kanti ko za a musanya mana, mai kanti ya ce abin da ya sha isansi ba ya dawowa, ƙaramin kuma an daɗe da sayar da shi. Muka koma ga gatari. Ka san saran kututture ya fi kayar da itace wuya. Ga damina ta kankama, mutum biyu suka tafi gonakinsu, ban ga laifinsu ba, iyali ke gare su. Idrisa kaɗai ya riƙa hayowa da sassafe ya yi sara zuwa hantsi, sannan ya koma noma. Ya rame har matarsa ta aiko tana roƙo na in sake shi. Na ce ya bari, ya ce mini kala suru, wato sai haƙuri da Zabarmanci, washegari ya dawo.

Ranar Alhamis shef ya zo ƙirga. Ana bukatar ɗari biyu da ashirin da bakwai. Ya bi layi-layi da littafinsa, ya gama, ya sake komawa farko ba wanda ya roƙe shi. Na gan shi yana sa har waɗanda ni kaina ba zan sa ba. Ɗari da casa'in da ɗaya. Ya rufe littafin, sannan ya ce in yafe masa, ba shi da yadda zai yi. Na ce shi ya cika alkawarinsa, ni ne ban cika nawa ba. Moussa ya ce da ƙaramin zarto, talatin da shida ɗin da suka rage aikin yini ɗaya ne. Na ce ya yi mini shiru.

Jiya masu awo suka shigo suka kafa turaku. Ba gefen gabas kaɗai ba, gandun duka. Waɗanda muka sake sarewa da wuri, tohonsu yanzu ya fi Idrisa tsawo, miƙaƙƙe, mai kauri, tun da nake aikin itace ban ga toho mai kyau irinsa ba. A tsakaninsu aka ja igiya, an ce nan hanya za ta bi. Katafila sai bayan sati biyu. Shef ya ce zai sama mini gadin kayan gini a wurin, kujera da inuwa, aiki ba wahala. Na gode masa, na ce ba zan iya zama a wurin ba.

Gida za mu zo, Yaya. Ka sa a share mana ɗakin nan na kusa da rumbu. Za mu taso da kamiyon Yelwa, motar kayansa, ranar Laraba ta sama, kafin katafila ta iso, in Allah ya yarda mu sauka da azahar. Ka turo wani ya tarye mu a tasha. Akwati ɗaya ne, kuma ba shi da nauyi, amma ba zan iya sauke shi daga kan mota ba.

Sai mun zo.

Ƙanenka,
Halidu